Shekarar Da Na Hana Asabe Wankan Gida

Wannan babin shi ne na fi daɗewa ina kewaya shi, kamar mai sabon takalmi a bakin kududdufi. Na rubuta muku labarin kakanninku, na rubuta yadda muka tare a gidan nan na unguwar Ɗan Iya ko ƙyaure babu, amma duk sanda na iso nan sai in ajiye biro in ce bari in duba tukunya. To, yau ba ni da tukunya a wuta. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, inda kuka ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku.

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku. Kuna cewa shekarar da yayarku Asabe ta yi haihuwar fari, Inna ta ƙi karɓarta wankan gida saboda ba ta son mijinta. Wasunku suna cewa a'a, kunyar 'yar fari ce ta yi mata yawa. Duk na ji ta bayan labule, don kunnena bai tsufa tare da ni ba. Babu ɗaya da ya faɗa daidai. Mijin nata Isiyaku bai taɓa yi mini komai ba sai alheri. Kunya kuwa akwai ta, amma ba wadda kuke nufi ba.

Haihuwa tara na yi, ku bakwai kuna raye, biyu Allah ya karɓi abinsa. Bayan na haifi autanku ne abin ya fara. Da farko ɗigo ne, in na yi atishawa mai ƙarfi sai in ji ɗan ɗumi a jikina. Na ce jego ne, zai wuce. Aka yaye yaro bai wuce ba. Sannu a hankali ya zama in na yi tari, in na ɗaga bokiti, in na tashi daga tsugune, fitsari ya zubo ba tare da na ba shi izini ba. Wanda ya fi ci mini rai shi ne dariya. Ku manyan kun san ni da dariya, har babanku yakan ce tun daga bakin titi yake sanin ina gida. Sai ga shi na koyi yin ta da baki a rufe, daga baya na koyi tashi in bar wurin da zarar hira ta fara daɗi. Kuka ce Inna ta fara tsufa, ta zama mai faɗa. Ban musa muku ba, don gara ku ce ni mai faɗa ce da ku ce abin da nake tsoro.

Abin da nake tsoro kuwa tun ina yarinya na gan shi. A Miri inda na tashi akwai wata baiwar Allah da ta samu yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda. An yi mata bukka a bayan rumbuna, ƙwaryarta daban, tabarmarta daban. Ba a zage ta ba, ba a kore ta ba, an dai daina zama kusa da ita. In an aike mu kai mata tuwo, ajiyewa muke yi mu gudu. Da nawa ya fara, ita na tuna. Na yanke wa kaina hukunci cewa ciwo ɗaya ne, nawa dai bai gama buɗewa ba, kuma ranar da aka sani ranar za a ware mini ƙwarya. Ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya, da wane baki?

Sai na shiga dabara. Na yayyaga tsofaffin zannuwa na yi ƙunzugu, ina wankewa ina shanyawa a bayan ɗaki inda ido ba ya kaiwa. Turaren wuta ba ya yankewa a ɗakina. Biki da suna na rage zuwa, da ma ni ba mai yawo ba ce, babu wanda ya lura. Keken haya mai ƙafa uku kuwa na ɗauke shi abokin gaba, don kowane rami ya faɗa sai na ji a zanina. Makarantar Islamiyya ta matan unguwa na bari, saboda ina jin nauyin in zauna cikin masu alwala ni ban san matsayin tawa ba. Babbar dabarar ita ce ta ruwa. Na lura in ban sha ba abin yana raguwa, amma a garin nan ba ka ƙin ruwa da rana tsaka ba a tambaye ka dalili ba. To, sai na fake da azumi. Litinin da Alhamis, kwana ukun tsakiyar wata, shida na bayan salla ƙarama, har na kai ina yin yau in huta gobe. Maƙwabciyarmu Maman Sadiya ta riƙa turo mini 'ya'yanta in tofa musu addu'a in za su yi jarrabawa. Ina tofawa ina neman gafarar Allah, don ni da Shi mun san abin da ya kai ni azumin nan. Haka na yi shekara goma sha ɗaya.

Ana nan Asabe ta samu ciki a gidanta na Yelwa, inda Isiyaku yake aiki a ofishin jami'a. Kowa yana murna, ni kuwa ina lissafin watanni. Kun san al'ada: haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Yarinya ta dawo gida da tsohon ciki, ta haihu, ta yi kwana arba'in a ɗakin uwarta. Uwa ce mai cika babbar tukunya safe da yamma, ita ce mai sauke ta daga murhu, ta tsuguna ta yi mata wanka da ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa, ta zauna da 'yan barka suna cika ɗaki, wasu har kan gadonta. Ni da bokiti ɗaya yake jiƙa ni, ina zan kai tukunyar jego? Ni da nake sauya ƙunzugu sau biyar a wuni, ina zan ɓoye su da mutum a ɗakina kwana arba'in? Na ce wa babanku ya aika a faɗa musu ta tafi Miri wurin yayarsa, Goggonku, ita ta fi ni sanin jego. Ya tambayi dalili, na ce 'yar fari ce, ina jin kunya. Ya ce wannan kunyar tun zamanin iyayenmu aka fara sassauta ta. Bai aika ba, yana zaton zan sauko.

Wata Asabar da hantsi ina tsince wake a tsakar gida sai na ji keke ya tsaya. Asabe ta shigo da ciki wata takwas, ƙafafu a kumbure, mai keke yana biye da ita da jaka. Fuskarta cike da fara'a, tana cewa tun daga zaure ta ji ƙanshin daddawata. Ta durƙusa da ƙyar ta gaishe ni, ta nufi ɗakina da jakar. Na ce ta ajiye a nan tukuna. Na faɗa mata abin da na faɗa wa babanku, idona a kan wake. Sai ta ce:

"Inna, in kunya ce, ki rufe ido ki yi mini. Ni ba zan kalle ki ba."

Na ce Goggo tana jiranta.

"Na yi miki wani laifi ne?"

Na ce babu laifin komai, haka dai na tsara. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ɗauki jakarta da kanta, ta hana ƙannenta su taya ta, ta zauna a zaure har babanku ya dawo ya kai ta Miri. Ranar bai ci tuwona ba.

Ta haihu lafiya, 'ya mace. Ranar suna na je, don rashin zuwa ya fi ƙarfin kowace ƙarya. Tun jajibiri ban sa ruwa a bakina ba. Muna isa aka tare ni da guɗa, aka ce an yi mini takwara, Isiyaku ya sa wa yarinya sunana, za a riƙa kiranta Ummi. Dangin mijinta suka shimfiɗa mini sabuwar darduma, suka kawo fura da nono har da ƙanƙara a ciki. Ban zauna ba, don hanyar Miri ta riga ta yi mini aiki, ina tsoron in tashi a ga shaida a darduma. Furar ban taɓa ba. Aka miƙo mini jaririya na karɓa a tsaye, na yi mata addu'a, na mayar. Ko awa ɗaya ban cika ba na ce kaina yana ciwo. Ina fita na ji wata daga cikin dangin Isiyaku tana cewa a hankali, wai an yi wa dutse takwara. Asabe ma ta ji. Da ta yi arba'in, daga Miri Yelwa ta wuce, ba ta biyo ta gida ba. Daga nan gaisuwarta ta koma ta wayar babanku: a gaida Inna.

Bazarar shekarar ta yi zafi ƙwarai, ni kuma ban fasa azumina ba. Fitsarina ya koma ja yana ƙuna, bayana yana ciwo, ina daurewa. Wata Alhamis bayan azahar na tashi zan kwashe shanya, sai na farka a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce jikina ya bushe kamar na wanda ya ɓata a daji, ga ciwon mafitsara ya kama ni. Ta sa aka ja labule, ta sallami kowa, ta tambaye ni me ya haɗa ni faɗa da ruwa. Ban san ko zazzaɓi ne ya kwance mini baki ba, ko kuwa gajiya. Na faɗa mata duka, har da matar Miri. Ta duba ni da kyau, ta cire safar hannu ta ce babu wata ɓula a jikina. Ciwon waccan matar daban ne, shi ma ana yin aiki a gyara shi. Nawa tsokar da take riƙe da mafitsara ce ta saki saboda yawan ciki da haihuwa, kuma ƙin shan ruwa ƙara ɓata lamarin yake yi. Ta ce in na warke za ta tura ni sashen gashi. Na ce ai ni ban karye ba, ɓarin jikina kuma bai shanye ba. Ta ce in je dai.

Asabe ta zo duba ni da kular abinci da Ummi a baya. Ta gaishe ni, ta tambayi jiki, ta zauna a bakin benci tana hira da ƙannenta, la'asar na yi ta tafi. Duk abin da 'ya take yi ta yi, ba ta ƙara ko ƙwayar gero a kai ba.

Babanku na faɗa wa washegari, da ya kawo mini koko. Kun san shi, shekara talatin ya yi a ma'aikatar ruwa yana bin bututu, magana ba ta dame shi ba. Ya saurara har na gama yana juya hularsa a hannu. Ya tambaye ni tun yaushe, na faɗa masa.

"Ni kuwa ina ta yi wa Allah godiya ya ba ni waliyyiya," in ji shi. "Hajara, duk aikin da na yi ban taɓa ganin yoyon da ya tsaya don an rufa masa tsumma ba."

Ya ce da na tambaya, da ko shi ya faɗa mini addini ya yi wa mai irin wannan lalura sauƙi, a yi tsarki a yi alwala lokacin kowace salla, abin da ya fito bayan nan Allah ya ɗauke. Na roƙe shi ya je Yelwa ya yi wa Asabe bayani. Ya ce a'a, bakin da ya sallame ta shi zai kirawo ta.

Sashen gashi ɗaki ne mai faɗi, ga masu koyon tafiya suna dafa ƙarfe, ga wani dattijo ana miƙar masa da hannu. Aka kai ni wani ƙaramin ɗaki a ciki, wurin wata ma'aikaciya mai suna Rifkatu. Ba za ta wuce sa'ar Asabe ba. Daga kudancin jiharmu take, Hausarta irin tasu ce, mace da namiji duk "ka" ne a wurinta. Na zata za a kawo wuta ko ruwan zafi a gasa ni, tunda sunan wurin ke nan. Sai ta jawo kujera ta zauna, ta tambaye ni da me nake ɗaure goyo. Na ce da majanyi. Ta ce to, a ƙasan marar kowace mace akwai majanyi na tsoka, shi yake tallafe da mafitsara da mahaifa da hanji. Nawa ya goyi mutum tara, dole ya saki. Amma ba kamar na zane ba ne, shi in ana motsa shi ƙarfi yake ƙarawa. Na ce ta nuna mini inda zan kama in ja. Ta yi dariya ta ce:

"Mama, a ce kana zaune gaban surukai, iska ta zo za ta fita. Yaya za ka yi?"

Na ce sai in matse mana, in mutu a wurin.

"To, shi ne aikin. Ka matse, ka ja sama, ka ƙirga, ka saki. Amma kar ka mutu, ka riƙa numfashi."

Ta ce kada in matse cinya ko ɗuwawu, kada in ƙanƙame ciki. In yi goma a jere ina hutawa a tsakani, sau uku a rana, in fara a kwance, daga baya a zaune, daga baya a tsaye. In sha ruwa kamar kowa, in ci ganye don kada bayan gida ya yi tauri. Ta kuma gargaɗe ni cewa ba maganin ciwon kai ba ne, sai an yi wata uku ana yi kafin a ga amfaninsa sosai. Na dawo gida na ware ƙwallon dabino goma a gefen sallaya. In na idar da asuba da azahar da magariba sai in kwanta, kowace matsa in tura ƙwallo ɗaya gefe.

Na yi mako uku ban fasa ko sau ɗaya ba, abu sai gaba yake yi. Ga ruwa ina sha, ga zuba ta ƙaru, har na fara jin nauyi a ƙasana. Na ce wa babanku yarinyar nan wasa take yi da furfurata, ba zan koma ba. Ranar Laraba dai da safe na ji ya tsayar da keke a ƙofar gida. Na shiga wurin Rifkatu fuska a ɗaure na zazzage mata. Ba ta ji haushi ba. Ta nemi izinina, ta sa safar hannu, ta ce in yi yadda nake yi a gida ta ji. Na tattara ƙarfina na yi. Sai ta ce in tsaya, ai ni turawa nake yi ƙasa, ba ja nake yi sama ba. A nan na gane. Duk rayuwata abu ɗaya aka taɓa koya mini in yi da wannan wurin. Sau tara ungozoma tana tsaye a kaina tana cewa yi nishi, Hajara, yi nishi. Da aka ce in yi ƙarfi a nan, jikina abin da ya sani ya yi. Mako uku ina naƙuda a kan sallaya babu ciki. Na faɗa wa Rifkatu haka, muka yi dariya har na jiƙa mata shimfiɗa, ta ce ba komai, aikin shimfiɗar ke nan. Ranar ba ta sallame ni ba sai da ta ji na ja sama sau biyar daidai. Ƙaramin motsi ne ƙwarai, kamar ƙiftawar ido. Na yi mamakin a ce ɗan wannan abu ne ya tsare ni a ɗaki shekara goma sha ɗaya.

Daga nan sai a hankali. Wata na biyu na lura ƙunzugu biyu yana kai ni yamma. Ta koya mini in matse kafin in yi tari, kafin in ɗaga kaya, kafin in miƙe, har ya zame mini jiki kamar bisimilla kafin loma. Wata na huɗu na ɗauki bokiti daga famfo zuwa madafa, na ajiye, na tsaya ina jira, ban ji komai ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya tafi gaba ɗaya ba. Har yau in mura ta kama ni da tari mai yawa ina shiri, kuma har yau ina yin motsina. Amma na koma Islamiyya, na koma zama a tabarmar mutane. Azumi na rage shi zuwa wanda zan iya yi don Allah shi kaɗai. Maman Sadiya ta gan ni ina shan ruwa ranar Litinin, ta ce Inna an sauka daga waliyyantaka ke nan. Na ce an sauka, yara su dage da karatu.

Ranar da Rifkatu za ta sallame ni ta tambaye ni ko ina da 'ya'ya mata da suka fara haihuwa. Na ce akwai ɗaya. Ta ce in koya mata tun yanzu, kada ta jira ta haifi tara. Na ce to, a baki. A hanya ina ta juya maganar. In koya mata, sai na faɗa mata yadda aka yi na sani. Ni da ko sunanta na yanka ban taɓa kamawa ba, in zauna in yi mata zancen fitsarina? Na yi mako biyu ina ɗagawa. Abin da ya tashe ni, wata rana babanku yana waya da ita na ji muryar Ummi tana gwalantu, na tambaye shi ko ta fara rarrafe. Ya ce ta kusa tsayawa ma. Takwarata ta kusa tafiya ban taɓa goya ta ba.

Na shiga keke ni kaɗai zuwa Yelwa, ina matsewa a kowane rami. Na same ta tana wanki a tsakar gidan hayarsu, ɗalibai suna ta shige da fice. Ta yi mamaki, amma ta shimfiɗa mini tabarma a ɗaki, ta kawo ruwa a kofi ta ajiye ɗan nesa, don ta san ba sha nake yi ba. Na jawo shi na shanye, na ce ta ƙaro. Ummi ta leƙo ta bayan uwarta, na miƙa hannu, ta maƙale tana ƙyuya. Na ce wa Asabe ta tura ƙofa. Na kafa idona a kan ƙafar gado na fara, tun daga haihuwar auta har zuwa dardumar ranar suna. Ban tsallake komai ba. Da ta buɗe baki muryarta ba ta yi laushi ba.

"Wata goma, Inna. Kullum sai na zauna na lissafa abin da na taɓa yi miki tun ina ƙarama. Har satar naman miya na tuna."

Na ce ta yafe mini.

"Da kin faɗa mini, ni zan wanke miki tsumman. Da cikin nawa zan wanke."

Gaskiya ta faɗa. Ta share ido da bakin zani, ta ɗauki Ummi ta ba ta nono. Can sai ta yi ƙasa da murya ta ce ita ma tun da ta haihu, in ta yi atishawa sai ta ji. Ta tambayi Goggo, Goggo ta ce haka mata suke, ta ƙara shiga ruwan zafi. Ba ta sake faɗa wa kowa ba, ta dai fara rage shayi da safe. Ashe hanyar da na bi har na faɗi, 'yata ta riga ta sa ƙafa a kanta, ni kuma ina Ɗan Iya ina tsaron mutuncina. Na ce ta kwantar da yarinyar ta kwanta a tabarma. A nan na koya mata abin da aka koya mini, na ce mata ja ake yi sama, kada ta yi irin wautata. Na ce kuma sai ta je an duba ta, don ni ɗaliba ce ba malama ba.

Kwana arba'in ɗin nan ba su dawo ba, ba kuma za su dawo ba. Wata ce ta yi wa 'yata wankan fari, wata ce ta fara goya takwarata. Dangin Isiyaku har yau akwai masu yi mini kallon mace mai girman kai, don Asabe ta riƙe sirrina shekara da shekaru, ko ku ba ta faɗa wa ba. Ita ce ma ta ce in rubuta, ta ce tana da ƙanne mata huɗu da matan ƙanne biyu, ta gaji da jan su gefe ɗaya bayan ɗaya tana koya musu motsin. Ku mazan kuma kada ku tsallake shafin nan. In kuka ga matanku sun daina dariya, ko sun ƙulla gaba da ruwa, ku tambaya, ku kuma tsaya ku ji amsa. Allah ya rufa mana asiri, rufin da ba zai hana mu neman magani ba.

Ranar da na je Yelwa, Asabe ta rako ni bakin titi ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta dai tambaye ni wace rana Rifkatu take ganin mutane. Na ce Laraba. Ta ce to.

Larabar tun ƙarfe bakwai na yi wanka na zauna, ina jin kowane keke da ya wuce. Wajen takwas da rabi na ji sallamarta. Ba ta tsaya a zaure ba. Ta kwance Ummi ta dire mini ita a cinya ko tambayata ba ta yi ba, yarinya tana tsala kuka tana tura ni. Ita kuwa ta wuce madafa, na ji ta buɗe tukunyar ɗumame, na ji ƙarar cokali. Daga can ta ɗaga murya ta ce:

"Inna, miyar nan gishiri bai ji ba."

Na ce ta ƙara da kanta, ai ta san inda yake.